Soja Ba Ya Cewa Wayyo

Sau huɗu Auta tana karanta takardar, kuma duk karatun bai sauya ko harafi ɗaya ba.

Ta ajiye ta gefen kwamfuta, ta miƙe ta leƙa ƙofa, ta dawo ta zauna, ta sake miƙewa. Shagonta na buga takardu taku uku ne ka kai bango, amma tun safe ta yi masa zagayen da ya isa ya kai mutum wani gari. Wata mata ta kawo takardar neman aiki, Auta ta buga mata shekarar haihuwar da ta mayar da ita 'yar shekara ɗari da uku. Sai da matar ta ce, "Baiwar Allah, ko kakata ai ba ta kai haka ba," sannan ta dawo hayyacinta.

Takardar da ta hana ta sukuni daga hukumar kula da tsofaffin sojoji take, kuma ta Saje ce, mutumin da ta shekara uku tana cewa in ba shi ba sai rijiya. Shekara goma sha biyu ya yi a soja kafin ciwo ya raba shi da kaki. Ya nemi haƙƙin da ake ba sojan da ya nakasa a bakin aiki, ya jira wata bakwai, ga amsa ta zo a layi biyar. Wai ba a ga shaidar cewa ciwon ya fara yana aiki ba, kuma ranar gwaji likitoci sun same shi garau. In yana da ja, ya ɗaukaka ƙara kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis.

Yau Laraba. Takardar ta yi kwana ashirin da takwas a aljihun Saje kafin jiya ya iya nuna mata.

Ga kuma Abbanta, wanda ya ce haƙurinsa ya kai Juma'a ya tsaya. Tun bara ya ce mata zai saurari maganar Saje in hukuma ta ba shi abin riƙe gida. In ba haka ba, ga Dokta mai kemis nan yana ta sintiri, shi zai ba amsa.

Wajen sha ɗaya Saje ya yi sallama. Dogo ne, a miƙe kamar sanda, rigarsa ta sha guga. In ba ka san shi ba sai ka rantse gobe ma zai iya faretin safe. Auta kuwa ta san shi. Ta san dalilin da ya sa ba ya fitowa kafin sha ɗaya, sai rana ta ɗaga magani ya saki gaɓoɓinsa. Ta san dalilin da ya sa hannunsa na dama kullum yana aljihu.

Likita ya ce garkuwar jikinsa ce ta rikice, maimakon ta yaƙi cuta sai ta juyo tana cin gaɓoɓinsa. Shi kuwa in ya so ba ta dariya sai ya ce sojojin jikinsa ne suka yi masa juyin mulki.

Yau ba ta da niyyar dariya.

"Zauna, Saje. Ina son ka faɗa min abin da ya faru ranar gwajin nan, kada ka tsallake ko ɗaya."

Ya zauna a hankali, yana kallon fankar sama.

"Ba abin da ya faru. Na je, sun duba ni, na dawo."

"Ka sha magani kafin ka je?"

Ya ci gaba da kallon fanka.

"Saje."

"Na sha," ya ce. "Na ninka ma."

Ta dafe kai. "A wane bene ofishin yake?"

"Na uku."

"Ka hau lifta?"

"Akwai wani tsoho mai keken guragu yana jira. Ni da ƙafafuna in tsaya a bayansa? Matakala na bi."

"Sannan?"

"Sannan na shiga. Babban likitan kanar ne, Auta, da anininsa a kafaɗa. Na ƙame na sara masa. Ya ce in ɗaga hannu, na ɗaga. Ya ce in durƙusa, na durƙusa. Ya ce, 'Saje, da ciwo?'"

"Ka ce masa me?"

Ya sunkuyar da kai. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Na ce babu, ranka ya daɗe."

Auta ta tsaya tana kallonsa, ta rasa ko ta yi kuka ko ta ɗauki firinta ta maka masa. Wannan mutumin da ta taɓa gani ya yi minti biyar yana kokawa da murfin robar ruwa, wai shi ne ya tsaya gaban kwamiti ya ce babu.

"Ranar wanka fa ba a ɓoyon cibiya," ta ce, hawaye na zubo mata. "Neman haƙƙin nakasa ka je yi, ba neman ƙarin girma ba."

"Ba za ki gane ba." Ya girgiza kai. "Bakina ne ya amsa kafin in yi tunani. Shekara goma sha biyu ana koya mana haka. In hafsan soja ya tambaye ka, ka ce lafiya, ko hanjinka na hannunka. A bataliyarmu duk wanda ya shiga layin marasa lafiya da safe, sunansa ya ɓaci har ya bar aiki. Ban taɓa shiga ba ko sau ɗaya. Da abin alfaharina ne. Yanzu sun buɗe fayil ɗina sun ga fari tas, sun ce ai lafiyayye ne ya fita."

"To da ciwon ya fara, wa ya ba ka magani?"

Ya kawar da kai, amma fuskarsa ta amsa.

Auta ta tsare shi da ido. "Dokta?"

"Shi ne mai ba da magani a rundunarmu. A bayan tanti yake ba ni, ba ya rubutawa. Ni na roƙe shi kada ya rubuta."

Ta jawo fom ɗin ɗaukaka ƙara da ke maƙale da takardar. A shafi na biyu akwai gurbi: shaidar ma'aikacin lafiya da ya ga ciwon lokacin aiki, suna da sa hannu.

"Ajiye fom ɗin nan," in ji Saje, ya miƙe da ƙyar. "Gara in mutu ban karɓi komai ba da in je in roƙi mutumin da yake neman matar da zan aura."

"Ai ba kai za ka je ba."

"Auta, ban yarda ba."

Ta yafa mayafinta, ta zare makulli daga ƙusa.

"Ka yi ta naka, Saje, mun ga inda ta kai mu. Fito zan rufe shago."

*

Dokta ba likita ba ne, a soja aka laƙa masa sunan ya bi shi har gida. Amma kemis ɗinsa ya fi na wasu likitocin kyau, gilashi ko'ina, sanyi na busawa, shi kuma yana bayan kanta da farar riga da murmushin da ba ya gajiya. Ba mummuna ba ne, ba kuma marowaci ba. Abin da Auta ta tsana a wurinsa ɗaya ne, bai taɓa gaggawa ba, kamar wanda ya riga ya san ƙarshen labari.

"Yau wace rana," ya ce, yana jawo mata kujera. "Ranki ya daɗe da kanki?"

Ba ta zauna ba. Ta shimfiɗa fom ɗin a kan kanta ta yi masa bayani a tsaye, tana sauya ƙafa.

Ya karanta a nutse, har da gyara tabarau.

"Gaskiya ne," ya ce. "Na ga hannun nan tun yana fara kumbura. Shekara huɗu ina ba shi ƙwaya. Akwai safiyar da ni na ɗaure masa igiyar takalmi kafin fareti."

Ta matso da murna. "To ka rubuta haka, Dokta, don Allah. Layi uku ne."

"Kin san abin da layi ukun nan yake nufi a wurina? Na amsa da hannuna cewa na fitar da maganin soja ban rubuta ba. Lasisin shagon nan zai iya tafiya a kai." Ya ajiye biro a kan fom ɗin, ya ɗora yatsa ɗaya a kansa. "Mutum ba ya sa wuyansa a igiya don bare, Auta. Amma don iyalinsa yana iya yi."

Ta gane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"Abokinka ne fa," ta ce. "Tanti ɗaya kuka kwana."

"Shi ya sa nake son ya samu haƙƙinsa. Ki ce wa Abba kin amince da ni yau, gobe da safe takarda tana hannun Saje da hatimina. Ya samu abin kula da kansa har ƙarshen ransa. Ke kuma ki huta."

"Ciniki kake da ni?"

"Tambaya nake miki." Murmushin ya ɗan ragu. "A ce na sa hannu kyauta. Hukuma ta buga hatimi cewa Saje nakasasshe ne, ciwon da ba ya warkewa. Ki ɗauki wannan takardar ki kai wa Abba a matsayin albishir? In aka ƙi shi, ba shi da abin riƙe ki. In aka karɓe shi, ba shi da lafiyar riƙe ki. Ta ina kike ganin ƙofa?"

Auta ta fizge fom ɗin har biron ya faɗi ƙasa. Ta so ta faɗa masa maganar da zai kwana yana jin zafinta, amma ba ta samu ba, domin abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Ta fita tana share hawaye da gefen mayafi, ta wuce tashar mota ba ta sani ba, sai da ta dawo baya.

*

Gidansu a bene na biyu yake, ɗaki biyu da falo. Ta tarar da Abba a kujerarsa ta kusa da taga, rediyo a cinya amma a kashe. Tsohon direban motar asibiti ne, mutum mai ƙarancin magana. Tun rasuwar Umma, daga shi sai Auta a gidan, yayyenta duk sun yi aure.

"Zo nan, Auta."

Ta durƙusa gefen kujerar.

"Dokta ya kira ni. Ya ce kin je wurinsa." Ya ajiye rediyon a ƙasa. "Ya kuma faɗa min irin haƙƙin da yaron nan yake nema. Ni duk zatona kuɗin sallama ne."

"Abba, ka yi haƙuri, dama ina son in..."

"Sau nawa Saje ya zauna a kujerar can?" Ya nuna ta da haɓa. "Sau nawa na ce masa ya jiki, ya ce lafiya ƙalau? To yanzu ki faɗa min. Ni ya yi wa ƙarya, ko hukuma yake son ya yi wa? Dole ɗaya ce."

Gaba kura, baya siyaki.

"Ba maƙaryaci ba ne, Abba," ta ce cikin kuka. "Kunya ce. Haka aka horar da su."

"To ciwon gaskiya ne ke nan."

"Gaskiya ne."

Abba ya daɗe yana kallon taga. Da ya juyo, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Shekara shida na yi jinyar mahaifiyarki. Ke kina makaranta, ba ki ga rabi ba, don ban bari kin gani ba. Ni nake juya ta, ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki. Ban yi nadama ba ko na kwana ɗaya, amma na san abin da yake ci a jikin mutum. Ni ƙaddara ce ta same ni a tsakiyar hanya. Ke kuma kina gani da idonki kina cewa in kai ki da hannuna?"

"Abba, da ka san haka Umma za ta yi, da ka fasa aurenta?"

Tambayar ta fita kafin ta riƙe ta. Abba ya runtse ido kamar an mare shi.

"Tashi ki ba ni wuri," ya ce a hankali.

Ta shiga ɗaki. Wayarta ta yi ta haske, Saje ne, kira shida. A na bakwai ta ɗauka, ta faɗa masa komai, da sharaɗin Dokta da tambayar Abba. Ta ƙare da abin da yake cinta tun daga kemis.

"Saje, in na amsa masa, za ka samu magani har abada. Wataƙila shi ne son da ya kamata in yi maka."



"Kada ki ce wa kowa komai," ya ce. "Ki jira ni da safe."

"Da safe? Kai da ba ka iya..."

Ya kashe.

*

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Alhamis, Auta tana kicin tana zuba ruwan shayi ta ji motsi a matakala. Taku ɗaya, sai shiru. Taku ɗaya, sai numfashi. Ta ajiye butar, ta fito, ta koma, ta sake fitowa. Abba ma ya ji, ya rage muryar rediyo.

Matakala ashirin da biyu ce. Ya ɗauke shi kusan minti goma.

Da aka yi sallama Abba da kansa ya buɗe ƙofa, sai ya ja da baya.

Saje ne, amma ba wanda suka saba gani ba. Kafaɗunsa sun ranƙwafa, gumi ya jiƙa masa wuya. Takalmin silifa ne a ƙafarsa, ƙafar ta kumbura ta cika shi. Rigarsa a buɗe take daga ƙirji, maɓalli biyu kawai ya iya sawa, su ma a ramin da ba nasu ba. Hannayensa duka biyu suna waje, yatsun sun kumbura sun lanƙwashe, ya maƙale fayil ɗinsa a hammata.

Auta ta toshe baki da mayafi. Shekara uku, ba ta taɓa ganinsa kafin magani ba.

Ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya gaida Abba, gwiwa ta ƙi. Ya tsaya a haka, rabi a sama rabi a ƙasa.

"Abba, ban sha komai ba yau," ya ce, yana haki. "Na zo ka gan ni yadda nake tashi kullum. Ka sha tambayata ya jiki ina ce maka lafiya. Ba ni da lafiya, Abba. Ina jin ciwo. Yanzu haka ina jin ciwo."

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Hawaye ya gangaro masa, ya ɗaga hannu zai share, yatsun suka ƙi buɗewa, sai ya goge da bayan hannu.

"Ba na son sa hannun Dokta," ya ci gaba. "Kada a sayar da Auta don a saya min magani. Daga nan ofishin zan wuce a haka, in shigar da ƙarata, in roƙi a sake gwada ni. In sun ba ni, to. In sun hana, na dai faɗi gaskiya sau ɗaya."

Abba ya matso, ya kama gaban rigar, ya ɓalle maɓallan biyun da suka saɓa. Sannan ya soma sawa daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, da saurin hannun da ya saba yi wa wani. Ya gyara masa kwala. Ya share masa gumin goshi da tafin hannunsa.

Auta ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Ta fara murmushi cikin hawaye.

"Yau na yarda kai ba maƙaryaci ba ne, ɗana," in ji Abba, muryarsa a dushe. "Ka burge ni, Allah ya sani. Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka nasara a kansu."

"Amin, Abba."

"Kuma yau na tabbata ba zan ba ka 'yata ba."

Murmushin Auta ya tsaya a inda yake.

Saje ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka karanta wa umarnin da dama ya san zai zo. Ya juya ya kama ƙarfen matakala da gwiwar hannu. A taku na farko fayil ɗin ya zame daga hammatarsa, takardu suka watse a kan matakala. Ya sunkuya zai ɗauka, bai kai ba.

Auta ba ta san lokacin da ta wuce ta gefen Abba ba. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa, ta rungume fayil ɗin a ƙirji. Takardar ƙarar ma ba a buga ta ba tukuna, kuma da waɗannan yatsun ba zai iya cike ko layin suna ba.

"Ba shi kayansa ki dawo ciki," in ji Abba.

"Abba, sai an buga masa. Ƙarfe huɗu suke rufewa."

"Akwai masu bugawa a gari ban da ke."

Ta ɗago ta kalle shi. Tsoho ne a bakin ƙofa shi kaɗai, shayinsa na hucewa a bayansa, kuma ta san duk abin da ya faɗa don ita ya faɗa. Ta kalli Saje, yana jingine da bango yana girgiza mata kai, wai ta koma.

"Auta," Abba ya ce, "ban taɓa ɗaga miki murya ba. In kika sauka matakalar nan tare da shi, kin zaɓa."

Ta tsaya a matakala ta uku, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Hawaye na ɗiga a bangon fayil ɗin.

"Ka yafe min, Abba," ta ce.

Sannan ta juya ga Saje.

"Taka a hankali. In ya yi zafi ka faɗa, ina ji."